Tarin da Ya Kai Ni Damagaram

Ranar da muka rufe ta, masu gaisuwa sun zo daga ko'ina cikin Damargu, wasu a jaki, wasu a raƙumi, wasu da ƙafa tun daga Gangara. Ina zaune a tabarma ƙofar gida. Ni ne babba cikin 'ya'yanta, amma kusan kowa sai ya ba ni hannu a gurguje, ya ce ya haƙuri, ya wuce wurin autanmu ya durƙusa ya daɗe. Ban ga laifinsu ba. Auta shi aka san ta goya har ƙafarsa na jan ƙasa, kuma shi ne ke kuka. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya so ya kwantar mini da hankali cewa ya yi, "Kai dai naka da sauƙi, tunda ba ku saba ba." Na ce masa haka ne, Allah ya ba da lada.

Ta bayan danga ina jiyo mata suna yabonta. Wata ta ce ba a taɓa zuwa aron turmi gidanta aka koma hannu wofi ba. Wata ta tuna furarta. Sai gwaggonmu ta ɗaga murya ta kawo yabon da ya fi kowanne nauyi a wurinsu: shekara arba'in da ɗoriya, ba wanda ya taɓa jin bakin marigayiya ya kama sunan ɗan fari, ko da kuskure. Matan suka amsa baki ɗaya, suka ce irin wannan kunya ta tafi ke nan, 'yan yanzu ba za su iya ba.

Ɗan farin ni ne. Abin da gwaggo ta faɗa gaskiya ne, sai dai rabin labarin ke nan. Sauran rabin mu biyu muka rage da muka san shi, ni da ƙanwata mai bi na, shi ya sa na ga gara in rubuta.

A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Mata da yawa in shekaru suka ja sai su sassauta. Ita ba ta sassauta ba. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, na tashi cikin kawunnaina, na ji suna ce mata Yaya, ni ma na kama. Har ta mutu Yaya nake ce mata. Ita kuwa in dole ta kama ta ambace ni, sai ta ce "na tsohuwa".

In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya ta fuskanci turmi ko ƙwarya, ta amsa musu lafiya lau. In tana da saƙo gare ni, wani take gaya wa, in babu kowa ta gaya wa iska. Na tuna wata safiya zan koma lakkol, wato makaranta, a Tanut, na ɗauki jakata, sai na ji tana ce wa kaza, "Wasu dai ba su da hankali, su kama hanya mai nisa ciki ba komai." Na duba bakin rumbu na ga dunƙulen fura ɗaure a tsumma. Ranar da labari ya zo na ci jarrabawa an ba ni aikin koyarwa, gari ya ɗauki guɗa, ita kuwa ta ɗauki igiya ta tafi itace. Da na fara aiki na shiga gidan mai hoto a Damagaram, na sa kwat na ɗaura abin wuya, na aiko mata da hoton. An ce ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙa wa gwaggo ta ce ta ajiye. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Na san al'ada ce, na sha gaya wa kaina haka, amma har na yi aure ina tambayar kaina ko akwai wani abu a bayan al'adar, ko kuwa ita ce iyakar abin da ke tsakaninmu.

Tana da magana ɗaya da duk gari ke tsoro. In ɗan koli ya rantse mata atamfarsa ba ta zuba, ko wani ya dawo daga kudu yana ba da labarin arzikin da ya baro can, sai ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Ba ta ƙara komai. Wanda aka yi wa yakan gwammace a zage shi.

Ido kuwa gare ta. Takan san akuya ba ta da lafiya kwana biyu kafin akuyar ta kwanta, daga yadda take tsayuwa kawai. A shekarun babban fari, lokacin da makiyaya ke gangarowa daga arewa da ɗan abin da ya rage musu, wata Buzuwa ta sauka bayan gidanmu da raƙuma ɗaya ramammiya. Yaya ta ba ta kusurwar tsakar gida, suka raba kunun dusa wata uku, ba mai jin yaren wata sai da hannu. Wata rana ta dubi raƙumar ta ce kada a sayar da ita, ciki ne da ita. Maza suka yi dariya, har da masu kiwon raƙuma tun kakanni. Ba a sayar ba, kuma da damina ta zagayo raƙumar ta haihu.

Wani ciwo ya same ni 'yan shekaru bayan farin nan, ina da shekara talatin da 'yan kai. Hutun makaranta ne, na zo gida taya noma. Mahaifinmu ya riga ya rasu, gida yana hannun baffa, yayansa, mutum mai kirki amma wanda in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya janyewa. Matata tana gidan iyayenta wankan jego. Ranar Litinin ciki ya fara murɗa mini, na ɗauka ɗanyen wake ne. Talata baffa ya kira wanzami ya kafa mini ƙaho uku a ciki, aka ba ni jiƙo na amayar. Da Laraba ta waye ban iya miƙewa ba, baffa ya yarda a aza ni a amalanke zuwa Tanut, ya ce allura ɗaya za a yi mini mu dawo. Ana ɗaura shanu sai ga Yaya da lulluɓinta, ta ce wa baffa kanwarta ta ƙare, za ta kasuwa. Ta hau ta zauna a can baya, ta ba ni baya.

A likitar Tanut, asibitin garin ke nan, majo ne babba, wato shugaban masu jinya, don babu cikakken lokotoro, wato dokta, a lokacin. Ya danna mini ciki ta gefen dama a hankali, ya saki da sauri, na yi ƙarar da ban san ina da ita ba. Ya wanke hannu ya ce wa baffa yana zaton apandisit ne. Ya kwatanta masa: akwai wata 'yar wutsiya a jikin hanji, can ƙasa ta dama, wadda kan kumbura ta yi ruwa, in aka bar ta sai ta fashe a ciki. Ya ce shi zato yake yi, ba shi da na'urar ɗaukar hoton ciki, ba shi da ɗakin aiki. A kai ni Damagaram a ɗauki hoto, in ta kama a yi aiki.

"Aikin mi?" in ji baffa.

"A buɗe cikin a cire."

Baffa ya ce shi bai kawo ɗan ƙanensa a farke shi da ransa a kan zato ba. Muka sauka gidan ƙanwata, wadda ke aure a nan Tanut, a kan za mu kwana mu koma gida.

Da la'asar sai ciwon ya lafa. Haka kawai, kamar an zare ƙaya. Na tashi zaune, har na ce a ba ni ruwa. Baffa ya yi hamdala, ya ce ga shi nan, ƙaho ne ya fara aiki, da an biye wa majo da yanzu an yanka yaro a banza. Kowa ya yi murna, ni kaina na fi kowa. Yaya tana bakin murhu tana taya ƙanwata tuƙin tuwo. Ba ta juyo ba. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne."

Da safe jikina ya yi zafi rau, amma ciwon bai dawo da ƙarfinsa na da ba, baffa ya sa a ɗaura shanu. Nan ne aka yi rigimar da dangi suka daɗe suna zancenta ba su gane kanta ba. Yaya ba ta da bakin da za ta ce a kai ɗanta na fari likita. In ta faɗa, ta zubar da kunyar da ta tsare shekara talatin, a gaban yayan mijinta kuwa. Sai ta fito da ƙunshin kayanta a ka, ta tsaya tsakar gida ta yi tari sau biyu. Ban taɓa jin tari maras daɗin ji kamar wannan ba, ko ɗan wasan kwaikwayo na ajinmu ya fi ta iyawa.

"Yaya," ta ce wa baffa, don haka take kiransa, "ni Damagaram za ni. Tarin nan ya dame ni, ina so a ɗauki hoton ƙirjina."

"Tari? Tun yaushe?"

"Ya daɗe."

"Ni ban taɓa jin kina tari ba."

"Ba a gabanka nake yi ba." Ta gyara ƙunshin. "Akwai kamyon da ke tashi da hantsi. In da wani mai zuwa, motar ba ta ƙin mutum biyu."

Baffa ba yaro ba ne, ya gane sarai. Ya ce mata ta ji kunya, ya ce a gidansu ba a taɓa yin macen da ta tsallake maganar maza a kan ɗan fari ba. Ta ce ita ba ta san zancen wani ɗan fari ba, tari take yi. Ta sake yin wani. Ƙanwata ta shige ɗaki don kada dariya ta kuɓuce mata, ta fito da nata mayafin. Baffa ya hau amalankensa ya koma gida shi kaɗai, kuma bai sake amsa gaisuwar Yaya ba sai da Sallah biyu ta wuce.

Lokacin ba a zuba kwalta a hanyar ba. Aka shimfiɗa ni a kan buhunan gero a bayan kamyon, duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a cikina. Ƙanwata ta riƙe mini kai. Yaya ta zauna ta fuskanci inda muka fito, sai dai ƙunshin kayanta ta cusa shi tsakanina da ƙarfen mota, ta danne da ƙafa, don kada in gangara. Har muka isa ba ta ɗaga ƙafar ba.

A babbar likitar Damagaram aka shiga da ni wani ɗaki mai sanyi, aka tsayar da ni jikin wani allon ƙarfe, mutum biyu na tallafe da ni. Mai na'urar ya koma bayan bango ya ce kada in yi numfashi. Hoton nan shi 'yan likita ke ce wa radiyo. Ni da nake malamin makaranta na ɗauka da zarar an wanke shi magana ta ƙare, za a ga ciwon ƙuru-ƙuru a nuna shi da yatsa.

Ba haka aka yi ba. Lokotoro ya zo inda nake kwance, ya ɗaga baƙar takardar ga hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta da yawa, wata infirmiya, ma'aikaciyar jinya 'yar gari, ke juya masa magana. Ya ce hoton ya nuna hanji bai toshe ba, bai ga tsakuwa ba, ƙashi lafiya. Amma abin da majo ke zato ba kasafai yake fitowa a irin wannan hoto ba, don nama ne mai laushi. Hoton bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya taɓa cikin, ya ce yanzu ko'ina ya ɗaure, hannu ma ba ya iya nuna masa wuri ɗaya. Zazzaɓin hanji na iya yin haka, ciwon hanta na iya yi. Ɗakin aiki ɗaya ne, da mutane a gabana. Ko dai ya sa mini allurai ya ga abin da gobe za ta nuna, ko ya buɗe yau. Abin da zai raba masa gardama shi ne yadda ciwon ya faro da yadda ya bi.

Ya tambaye ni da Faransanci. Ina jin tambayar, amma zazzaɓi ya dagula mini kwanakin, na ce jiya, na ce mako guda, na ce ko'ina ke ciwo. Ya juya ga ƙanwata, ta ce ita sai Laraba ta gan ni. Infirmiya ta hango Yaya a tsaye bakin ƙofa, ta juya mana baya tana kallon wata bishiyar dogon yaro.

"Iya, ke ce uwarshi?"

"Garinmu ɗaya," in ji Yaya.

"To ko kin san yadda abin ya faro mishi?"

Ta gyara lulluɓinta. Sannan ta fara magana, fuskarta na wajen bishiyar, da irin muryar da take lissafa kayan miya.

"Litinin da hantsi ya dawo daga gona, kalminshi na noma a hannun hagu, hannun dama a kan cibiya. A cibiya ya fara, ba a gefe ba. An kai mishi fura ya kurɓa sau biyu ya ture, shi da ba ya barin fura. Bai yi amai ba sai bayan azahar, ciwon ya riga aman. Talata da safe hannun ya sauka nan." Ta dafa ƙasan cikinta ta dama. "Yana tafiya yana karkata, yana jan ƙafar dama. Da zai zauna a tabarma sai da ya dafa danga. In ya kwanta ba ya miƙe ƙafar, naɗe ta yake. Ya yi atishawa sau ɗaya ya riƙe wurin. Bai yi gudawa ba. Jikin bai yi zafi sosai ba sai yau da safe. Jiya da la'asar ya ce ya ji sauƙi, aka yi murna. Amma leɓenshi ya bushe, kuma numfashin a ƙirji yake tsayawa, ba ya kai wa ciki. Ni ban ga sauƙi ba."

Infirmiya na juyawa, lokotoro na kallon bayan matar nan. Da aka zo wurin sauƙin la'asar sai ya ajiye hoton a kan gado. Ya ce a shirya ni yanzu, a gaya wa na gabana su yi haƙuri. Ya ce a tambayi matar ko ta taɓa aikin likita. Yaya ta ce a'a, awaki take kiwo.

Ina kwance ina jin duk wannan. A kwana ukun nan ban ga ta dube ni ko sau ɗaya ba. Na san inda take zama, na san bayanta na ke gani. Har yau ban san ta ina ta ga atishawar ba.

Da aka buɗe, an tarar abin ya riga ya fashe, tun la'asar ɗin da muka yi hamdala. Na yi mako uku a kwance da roba a ciki. Lokotoro ya ce da an kai gobe, da wuya a ce ga yadda za ta kasance. Yaya ba ta shigo ɗakin ko sau ɗaya ba, a ƙarƙashin bishiyar ta zauna tare da sauran masu jinya, kunu dai na zuwa ta hannun ƙanwata. Kafin a sallame mu ta matsa sai da aka ɗauki hoton ƙirjinta, don baffa zai tambaya. Aka duba aka ce ƙirjinta garau, babu komai. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne."

Na yi zaton bayan wannan wani abu zai sauya tsakaninmu. Da na warke na je na durƙusa bakin ƙofarta, na shirya magana mai tsawo. Ta fuskanci turmi ta amsa masa lafiya lau. Da na fara godiya sai ta ce wa kaza wasu ba su da aiki sai surutu da rana tsaka. Haka muka ci gaba shekara tara. Aka yi ta mayar da ni makarantu, har can gabas mai nisa, ina zuwa sau ɗaya a shekara in gaida bayanta. A hankali na fara ce wa kaina wataƙila abin da ta yi a Damagaram ko akuyarta ce za ta yi wa. Da wannan tunanin na zauna a tabarmar gaisuwa, shi ya sa ban yi wa dattijon nan gardama ba.

Ranar sadakar bakwai da hantsi, bayan mutane sun ragu, gwaggo ta raba kayan ɗakinta. Auta ya sami tabarmar sallarta, mata suka raba kwanoni da zannuwa. Ni ba a kira ni ba, ban kuma sa rai ba. Sai ƙanwata ta yafuto ni bayan rumbu, ta zaro wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa daga mayafinta, gefenta duk ya lanƙwashe. Na gane ta. Tun dawowarmu daga Damagaram na neme ta na rasa, na ɗauka a mota ta faɗi.

Hotuna biyu ne a ciki. Na ƙirjinta yana nan sabo fil, kamar jiya aka wanke shi. Nawa ya sha hannu, kusurwoyinsa sun tausasa.

"Duk sanda aka ce an kai ka wani gari," in ji ƙanwata, "sai ta tura ƙyaure, ta bar 'yar kafa, ta ɗaga shi ga haske. Na sha kama ta. Ran nan na ce mata, Inna, ga hoton yaya mai kwat a ɗakin gwaggo, in ɗauko miki? Ta ce a'a, wancan yana da ido. Wannan ba shi da fuska, ba wanda zai ce ta dube ka."

Na ɗaga shi ga rana. Haƙarƙari ne da ƙashin baya da ƙugu, da wani hazo-hazo a tsakiya, abin da lokotoro ya ce bai nuna komai ba. A ƙasa ta gefe ɗaya akwai wurin da baƙin ya koɗe, faɗin babban yatsa, ya yi haske saboda shafa. Na ɗaga rigata na aza hoton a cikina. Wurin ya sauka daidai kan tabon aikin, tabon da ba ta taɓa gani ba.

Allah ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya sa ta ga abin da idonta ke so ba tare da ta juya baya ba. Shekara arba'in ina ce mata Yaya. Allah ya jiƙan Inna.